Faifan Ƙarshe na Badaru Mai Majigi

Damagaram, 4 ga Yuni, 2023

Zuwa ga 'yata Hamsatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki Adda da yaran, da fatan damina ta sauka muku lafiya. Mu nan sai hadari, ruwan ya ƙi. Jikina da sauƙi, in ban da kunnen nan da ya gama lalacewa, shi ya sa kika ga takarda maimakon waya. Hamma direba zai kawo miki ita shagonki na kasuwar Muda Lawal, shi kuma za ki riƙa ba amsa.

Na san za ki ce wane irin Kawu ne wannan da ba ya tunawa da mutane sai buƙata ta taso. Kin yi gaskiya. Amma kakata da kakan mahaifiyarki ciki ɗaya suka fito, wannan kuwa ya isa in aike ki.

Ke ba ki riski Malam Badruddeen ba, wanda Bauchi ta sani da Badaru Mai Majigi. Ya rasu kina goye. Fim uku ya gama a rayuwarsa, ukun kuma sun ɓace. Finafinansa ba su da murya. Hoto kawai yake ɗauka, ranar nunawa sai ya tsaya gefen farin zane da lasifika a hannu, shi ne mai labari, shi ne mijin, shi ne matar, har jakin ma shi ne. Ina ɗan sakandare na kalli “Mai Awon Hatsi” sau goma sha ɗaya, a ƙasa nake zama dab da injin. Shekara goma ke nan ina rubuta littafi a kansa, kuma duk abin da ke hannuna bai wuce abin da ke kaina da kan tsofaffi ba. Ko wasansa na rediyo, “Tashar Ƙarshe”, wanda ake tsayar da tuƙin tuwo dominsa duk Alhamis, an goge faya-fayan an ɗora shirin gaishe-gaishe a kai.

To ga dalilin takardar. Akwai wani dattijo a Yalwa, Elisha, shi ne mai kunna wa Malam injin majigi. Shekara shida ina rubuta masa yana ce mini ba shi da komai. A watan jiya sai ga amsarsa: wai akwai gwangwani ɗaya a ƙarƙashin gadonsa, faifan fim na huɗu ne, “Kafin Ruwa Ya Zo”, wanda Malam ya fara ɗauka a kan wani ƙauye da ke tashi saboda madatsar ruwa, ajali ya riske shi bai gama ba. Ba wanda ya taɓa ganinsa. Elisha ya ce ya tsufa, in aiko wanda na yarda da shi.

Ki je ki gaishe shi, ki ga gwangwanin da idonki, ki rubuto mini yadda yake. Kada ki je hannu sake, tsohon yana son goro fari.

Kawunki,
Abba

*

Bauchi, 25 ga Yuni, 2023

Kawu Abba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka. Ruwa kam mun samu har katangar maƙwabta ta zauna. Inna ta ce in faɗa maka wanda ya yi shekara tara bai leƙo Ƙofar Wambai ba bai isa ya aiki 'yarta ba, sannan ta ce in tashi in tafi maza.

Na je Yalwa ranar Asabar. Baba Elisha yana nan da ƙarfinsa, bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Matarsa, Mama Felicia, ta dama mini kunun gyaɗa, ta ce dama a kwashe gwangwanin nan ta huta, shekara arba'in tana share gefensa. Faɗinsa ya kai faranti babba, ya yi tsatsa. Da ya ɗaga murfin wani warin tsami ya buge ni sai da na yi tari. Faifan yana nan a naɗe, amma gefensa ya ɗan yi lanƙwasa.

Ya ce in gaya maka ka yi kuskure a abin da ka rubuto masa kan ƙarshen “Mai Awon Hatsi”. Kai ka ce mai awon ya dawo gida ya nemi gafara. Shi ya ce a Bauchi ne kawai ya dawo. A Darazo Malam cewa ya yi ya tafi ke nan har abada, a Dass kuma ya ce aljani ne dama. Hoton ɗaya ne, mutum a kan hanya daga nesa, ba a gane zuwa yake ko tafiya. Wai Malam yakan shiga gari tun hantsi ya zauna majalisa ya ji abin da ke damun mutane, da shi yake ɗinka labarin ranar. Ni dai na ce ashe har da ƙarya a sana'ar, ya yi dariya har da hawaye.

Inna ma ta tuna “Tashar Ƙarshe”. Ta ce ita ba labarin ne ya dame ta ba, ƙarar motar ce, sun yi shekaru suna musu kan ko mota ake shigarwa ɗakin rediyon.

Yanzu ga abin da ya sa na daɗe ban rubuto ba. Da zan tafi Baba Elisha ya tambaye ni 'yar gidan wa ce. Da na ce 'yar Ya'u ce, mai janareton majigi, sai ya zauna. Ya ce babana yana cikin faifan nan. Ranar ɗaukar an rasa mutane, Malam ya sa ma'aikatansa suka shiga. Kawu, ka san an haife ni wata uku bayan hatsarin hanyar Jos da ya yi ajalinsa. Hotonsa ɗaya tak da Inna ke da shi ya tafi da ɗakin da ruwa ya ci tun ina rarrafe. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, kuma ban taɓa damuwa sosai ba sai ranar Asabar ɗin nan.

Idon Inna kuma ba daɗi. Hawan jinin ido ne, na hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Ban gaya mata maganar faifan ba tukuna. Baba Elisha yana da injinsa har yanzu, duk shekara yana sa masa mai. Ana iya kunnawa?

'Yarka,
Hamsatu

*

Damagaram, 19 ga Yuli, 2023

Hamsatu,

Na samu takardarki, na gode Allah da jin kuna lafiya. A yi wa Adda sannu da ido, Allah ya kawo sauƙi. Mu ma ruwa ya sauka, gero ya tsaya.

Darazo! Dass! Wallahi kwana biyu na yi ina zagaya tsakar gida. Babi guda na rubuta, shafi talatin, a kan tuban mai awo, ashe tuban na mutanen Bauchi ne kaɗai. Ki ce wa Elisha bai kyauta ba da ya bar ni shekara shida ina zuba. Amma ban yarda da shi duka ba. Ni na ga ƙurar ƙafar mutumin tana bayansa, wanda ƙura ke bayansa kuwa tahowa yake. Ki tambaye shi wannan.

Ki faɗa wa Adda ba mota ba ce. Keken ɗinki ne da garwar kananzir a kife a kansa, Malam yana takawa yana magana. Ruwan sama kuma tsakin gero ne a kan faranti. Mutum ɗaya ya yi muryoyi bakwai a wasan nan, kuma bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. Abin da ke ba ni haushi da shi ke nan. Ya yi alkawarin fim a kan maƙera, ya yi na masu fataucin shanu, ya yi na wasan rediyo kashi ɗari, duk a baki, duk sun bi shi kabari.

Maganar mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ta ƙara wa faifan daraja. Na riga na rubuta wa wasu masu adana tsofaffin finafinai a Turai. Suna da na'urar da ke ɗaukar hoton ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ja faifan ba. Sun ce a aiko, amma akwai layi, shekara ɗaya ko biyu. A wannan harka wannan ba komai ba ne.

Ki karɓo gwangwanin. A nisanta shi da rana da murhu da danshi. Ban san ɗakunanku ba yanzu, ke ce idona a Bauchi, abin da kika ga ya dace ki yi. Batun injin Elisha zan yi miki bayani a takarda ta gaba, Hamma na tsaye a kaina yana kaɗa makulli.

Kawunki,
Abba

*

Damagaram, 9 ga Agusta, 2023

Hamsatu,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya duk da abin da kike ji a labarai. Tun juyin mulkin nan an rufe iyaka, Hamma ya maƙale a nan da motarsa. Wannan zan ba wani mai shanu da ya ce zai bi ta daji zuwa Maigatari, daga can ta nemi hanyarta.

Na sake karanta takardarki, na ga tambayar da kika rufe da ita, na ga kuma ban amsa ba. Amsar ita ce a'a. Kada a kunna. Warin tsamin nan da kika ji alama ce faifan ya fara cin kansa. Injin majigi da haƙora yake jan faifai, ga zafin fitila. Zai iya wucewa sau ɗaya, zai iya kuma saɓule hoton ya bar miki roba fara. Babu kwafi na biyu a duniya.

Na san abin da ke ranki game da Adda, ba ni da amsar da za ta yi miki daɗi. In an yi haƙuri, ke za ki gan shi, 'ya'yanki su gan shi, a tsayar da hoton a dube shi da kyau. Ina roƙonki ki jira.

Abba

*

Bauchi, 10 ga Satumba, 2023

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan rikicin can bai taɓa ku ba. Mu lafiya lau, sai tsadar abinci da ta zama ruwan dare. Tun takardarka ta Yuli ban ji daga gare ka ba. Na kira lambar makarantar da kake koyarwa sau huɗu, ba ta shiga. Wannan ma ban san ranar da za ta same ka ba, wata mai tuwon madara 'yar wajenku zan ba.

Gwangwanin yana wurina, a cikin sif, tsakanin atamfofi. Sun fara ɗaukar warin, ba komai.

Na isar wa Baba Elisha da maganar ƙura. Ya ce iska ce ke kaɗawa ranar, ka daina wahalar da kanka.

Na gaya wa Inna. Ban yi niyya ba, warin ta ji ta tambaya. Washegari ta sa aka wanke mata mayafinta na fita, ta tambaye ni yaushe za mu Yalwa. Kullum sai ta tambaya, sau ɗaya, bayan karin kumallo, ba ta ƙarawa. Mun koma asibiti ranar Talata. Yanzu sai ta karkata kai take ganin fuskata, likita kuma ya daina yi mini dogon bayani.

Shekara ɗaya ko biyu ka ce ba komai ba ne. A wurinka da Turawanka. Baba Elisha bai ɓoye mini ba, ya ce faifan zai iya lalacewa, ya ce shi ba zai kunna ba sai da yawunka. Na nuna masa inda ka rubuta cewa ni ce idonka, abin da na ga ya dace in yi. Ya karanta ya dube ni, ya ce to.

Zan jira har a yi Mauludi. In amsarka ba ta zo ba zan kai ta.

Hamsatu

*

Bauchi, 15 ga Oktoba, 2023

Kawu Abba,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Muna nan ƙalau. Takardarka ta tara ga Agusta ta iso ranar Laraba, ta sha hannu har ta yi baƙi. Ta zo kwana tara bayan mun kunna faifan.

Ba zan fake da jinkirinta ba. Na san layin da na nuna wa Baba Elisha a kan wurin ajiya ka rubuta shi. Shi ma na ga alamar ya sani. Ko da takardarka ta zo a kan lokaci ban san me zan yi ba, wataƙila in sa ta ƙarƙashin filo in kira mai keke.

Da hantsi muka je. Mama Felicia ta rufe tagogi da barguna, ta cire kalanda daga bango. Muka zaunar da Inna dab da bangon, ta karkata kai ta gefen idon da ya rage. Na jingina wayata a kan kujera tana ɗauka. Baba Elisha ya yi addu'arsa, muka yi tamu, ya kunna.

Tunda kai masoyinsa ne, bari in ba ka abin da na gani, don littafinka. Ya fara da rijiya, an daɗe a kanta, ba kowa. Sai mata suna fitar da tukwane suna jerawa a ƙofar gida. Sai wata tsohuwa tana cire ƙyauren ɗakinta, ta ɗora a ka, ta dawo ta share ɗakin da ba ƙofa. Akwai akuya da ta ƙi tafiya. Ba murya, sai ƙarar injin. Ban san fim ba, amma na ga dalilin da ya sa ka lalace a kansa.

Tun a rijiyar Inna ta ce haske kawai take gani yana rawa. Ta ce in riƙa faɗa mata. Haka na zauna ina ba ta labari a kunne.

Wajen minti na bakwai Baba Elisha ya ce ga wurin nan. Maza uku ne sun ɗauko jinkar ɗaki a kansu suna tahowa. Na gaba dogo ne da hula. Na tsakiya ya ɗaura tawul a wuya, ya kalli mai ɗauka ya yi dariya. Na baya gajere ne mai faɗin kafaɗa. Na waiwaya na ce, “Baba, wanne ne?” Ya matso har inuwarsa ta hau bangon. Ya ce, “'Yata, shekara arba'in. Ba zan rantse ba.” Suka wuce. Duka bai fi a ƙirga ashirin ba.

Inna ta kama hannuna ta ce, “Kin gan shi?” Na ce na gan shi. Ta ce yaya yake. Na ce yana dariya, da tawul a wuya. Sai ta ce dama shi akwai zufa.

Faifan ya tsinke sau biyu bayan nan, a na uku Baba Elisha ya kashe injin. Da ya buɗe, hoton ya taru a bakin ƙarfen kamar ƙanzo. Abin da ya bi ta injin, minti tara, ya saɓule, har da wurin mutum ukun. Abin da bai bi ba, kusan rabi, yana nan yadda yake, na mayar da shi gwangwani. Baba Elisha ya zauna yana goge injin. Na ji kunyarsa fiye da taka.

Wayar ta ɗauka, amma hasken ya fi ƙarfinta. Inuwa uku ake gani da jinka, ba fuska. Na sa an wanke maka hoto ɗaya, ga shi a cikin ambulan.

Inna tana cikin farin ciki. Duk wadda ta shigo sai ta ba ta labarin tawul. Jiya ta tambaye ni ko muna kama, na ce sosai.

Ka yi fushin da za ka yi, haƙƙinka ne, na ɓata maka abin da ka yi shekara goma kana nema. Amma ka ce a dab da injin kake zama, shi kuma yana wurin kowane nuni. Inna ba ta tambayuwa, na riga na ce mata na gan shi, kai kaɗai ka rage da zan tambaya. Dogo ne ko gajere? Wanne ne a cikinsu?

'Yarka,
Hamsatu

*

Damagaram, 12 ga Nuwamba, 2023

Hamsatu,

Assalamu alaikum. Takardunki biyu sun iso tare. Ina lafiya. A gaida Adda, a gaida Elisha, ki ce masa ba ni da magana da shi sai alheri.

Na yi fushin, na kwana uku ina yi, na rubuta miki shafi huɗu na yaga. Rabin da ya rage ki ba Hamma in hanya ta buɗe. Rijiyar da tsohuwar da akuyar zan sa su a littafin yadda kika faɗa, da sunanki, tunda ke da Elisha da matarsa ne kaɗai kuka gani.

Na sa hoton a gaba da tabarau biyu, da safe da rana. Na so in ce miki na tsakiya ne, na san kuma za ki yarda. Ba zan yi ba.

Ana bikin Adda ina makarantar kwana, ban je ba. A filin majigi kuwa janareto a bayanmu yake, taku biyar daga inda nake zama. In ya mutu nakan ji Malam ya ce a lasifika, “Ya'u, a taimaka,” sai wuta ta dawo, mu yi tafi. Zan iya lissafa miki kowane hoto na “Mai Awon Hatsi” a jere, har da karen da ya gitta a kasuwa. Shekara huɗu ina zama a gaban mahaifinki, ban taɓa waiwayawa ba.

Ban san shi ba, Hamsatu. Ki yafe mini.

Kawunki,
Abba